Zanzibar: Ga Kofi A Hannu, Ba Kujera A FIFA

Tun ran 26 ga Afrilu 1964, sa'ad da Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya, mutanen tsibirin ba su yarda sun saki ƙungiyarsu ta ƙwallon ƙafa ba. Har yau tana nan da sunanta, watau Zanzibar Heroes, kuma ba kanwar lasa ba ce.

A 1995 ta je har Uganda ta ɗauko kofin CECAFA na ƙasashen Gabashi da Tsakiyar Afirka. A 2017 kuwa, a ƙasar Kenya, ta lallasa 'yan'uwanta na Tanzaniya ta tudu da ci 2 da 1, ta kawar da Uganda, sa'an nan ta yi 2 da 2 da masu masauki a wasan ƙarshe. Sai a bugun fanareti kofin ya suɓuce mata.

Amma fa iyakar gudunta ke nan. FIFA ta ƙi karɓarta a 2005. Hukumar CAF ta ba ta cikakkiyar kujera cikin Maris 2017, murna ba ta gama lafawa ba aka janye cikin Yuli, bisa hujjar cewa ƙasa ɗaya ba ta da hukumar ƙwallo biyu. Hujjar dai tana kan doka, ko da yake Ingila da Sikotilan ba su taɓa jin zafinta ba.

Saboda haka duk yaron Unguja ko Pemba da ke mafarkin Kofin Afirka, tilas ya sa rigar Taifa Stars, kamar yadda Feisal Salum ya yi.