Annobar Korona Tsakanin Filin Wasa da Ɗakin Karatu

Gabatarwa

A daren Laraba, 11 ga watan Maris, 2020, dubban 'yan kallo sun cika zauren wasa na birnin Oklahoma a ƙasar Amurka, suna jiran a fara wasan ƙwallon kwando tsakanin ƙungiyar garin da ta Utah Jazz. Har 'yan wasa sun fito fili, sai ga wani jami'in lafiya ya rugo ya yi magana da alƙalan wasa. Jim kaɗan aka sanar da jama'a cewa kowa ya kama hanyar gida. Dalili kuwa shi ne, gwaji ya nuna ɗaya daga cikin 'yan wasan, Rudy Gobert, yana ɗauke da ƙwayar cutar korona. Kafin gari ya waye hukumar NBA ta dakatar da gasar baki ɗaya. A wannan rana ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya.

Cikin 'yan makonni aka rufe filayen wasa da makarantu a kusan kowace nahiya. Abin lura shi ne, a ƙasashe da dama ƙwallo ta riga makaranta dawowa. Wannan maƙala za ta duba dalilin haka ta fuskar ilimin halittu, wato yadda ƙwayar cutar ke yaɗuwa, da abin da ya sa taron jama'a ya zama abincinta, da kuma darasin da hukumomin lafiya suka koya.

Yadda Ƙwayar Cutar ke Yaɗuwa

Ƙwayar korona tana cikin jinsin ƙwayoyin cuta da masana ke kira bairos. Ƙanƙantarta ta kai yadda madubin ɗakin gwaje-gwaje na yau da kullum ba ya iya nuna ta, kuma ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin tantanin jikin wani mai rai. Idan ta shiga ta hanci ko ta baki, takan maƙale wa tantanin maƙogwaro da na huhu, ta mayar da shi masana'antar ƙera irinta. Daga nan sai sababbin ƙwayoyin su fito cikin ɗigon danshin da ke fita tare da numfashi, ko tari, ko magana. Manyan ɗigo suna faɗuwa ƙasa nan kusa, amma ƙananan sukan daɗe suna shawagi a ɗakin da iska ba ta ratsawa, kamar yadda hayaƙin turare ke tsayawa a ɗaki bayan an fitar da kasko.

Abubuwa biyu ne suka sa wannan cuta ta yi wuyar tarewa. Na farko, daga kamuwa zuwa bayyanar alamu akan ɗauki kimanin kwana biyar, wani lokaci har kwana 14, kuma mutum kan fara harbin wasu kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji ciwo. Wasu ma har su warke ba su san sun kamu ba. Na biyu shi ne yawan mutanen da mai cutar ɗaya ke harba, wanda a farkon annobar aka ƙiyasta tsakanin biyu zuwa uku.

Mai karatu na iya ganin wannan adadi kaɗan ne, to amma bari mu yi lissafi. Idan mutum ɗaya ya harbi uku, ukun nan suka harbi tara, taran suka harbi 27, to a zagaye na goma za a sami sababbin kamuwa 59,049. Idan kowane zagaye kwana biyar ne, kwana 50 ke nan kacal. Da za a rage adadin daga uku zuwa biyu, zagaye na goma zai tsaya a 1,024. Idan kuwa aka mayar da shi ƙasa da ɗaya, annobar za ta riƙa ja da baya har ta mutu. Duk matakan da aka ɗauka, daga sanya takunkumi zuwa hana taro, manufarsu ita ce a rage wannan adadi.

Filin Wasa da Taron Jama'a

Ranar 19 ga Fabrairu, 2020, kimanin mutum 40,000 daga yankin Bergamo na ƙasar Italiya suka tafi birnin Milan domin kallon ƙungiyarsu ta Atalanta tana karawa da Valencia ta ƙasar Sifen. Sun cunkushe a jiragen ƙasa da motoci, sun yi ihu, sun rungumi juna duk lokacin da aka zura ƙwallo, ga shi kuwa Atalanta ta ci huɗu a ranar. Bayan 'yan makonni Bergamo ta zama ɗaya daga cikin wuraren da annobar ta fi yi wa ɓarna a Turai, har sai da motocin soja suka riƙa kwashe gawawwaki. Ita ma ƙungiyar Valencia ta sanar cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na 'yan wasa da ma'aikatanta sun kamu. Likitocin yankin da dama sun ɗauki wannan wasa a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da suka rura wutar annobar.

Tarihi ya riga ya nuna irin wannan. A annobar murar 1918, wadda tsofaffinmu ke kira Marisuwa, birnin Filadelfiya na Amurka ya bar mutum wajen 200,000 suka yi jerin gwano a ƙarshen watan Satumba, kuma cikin 'yan kwanaki asibitocin birnin suka cika. Birnin St. Louis da ya yi saurin rufe makarantu da wuraren taro bai yi asarar rayuka kamar haka ba.

Haɗarin wasa bai tsaya a cikin fili kaɗai ba. Filin da ke buɗe a sarari ya fi rufaffen ɗaki sauƙi, domin iska tana watsa ƙwayoyin. Inda matsalar ta fi tsanani shi ne ƙofar shiga, da motar haya, da gidajen kallon ƙwallo, da ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya. Bugu da ƙari, gasar ƙwararru ta ginu ne a kan tafiye-tafiye, yau ƙungiya tana wannan gari, jibi tana wancan, don haka tana iya ɗaukar cuta daga inda take ta kai inda babu.

Saboda haka aka dakatar da gasar Firimiya ta Ingila ranar 13 ga Maris, Faransa kuwa ta rufe kakarta tun ba a kammala ba. Wasannin Olamfik na Tokyo an ɗage su zuwa 2021, kuma aka yi su ba 'yan kallo. Gasar cin kofin Afirka da aka shirya yi a Kamaru a Janairun 2021, sai a Janairun 2022 aka buga ta.

Yadda Wasanni Suka Dawo

Jamus ce ta fara dawo da babbar gasarta ranar 16 ga Mayu, 2020, Ingila ta biyo baya ranar 17 ga Yuni, duka ba tare da 'yan kallo ba. A Amurka kuma an bi hanyoyi biyu mabambanta, waɗanda suka zama tamkar gwajin kimiyya.

Hukumar NBA ta tattara ƙungiyoyi 22 ta killace su a wuri guda kusa da birnin Orlando na jihar Florida. Ba mai shiga sai an keɓe shi na wasu kwanaki, kuma kullum sai an gwada kowa. An ci gaba da gasar ranar 30 ga Yuli, aka kammala a watan Oktoba, ba a sami ɗan wasa ko ɗaya da ya kamu a cikin killacen ba. Wannan shiri ya ci fiye da dala miliyan 150.

Masu gasar besbol, wato wasan da ake dukan ƙwallo da gora, sun rage wasannin kowace ƙungiya daga 162 zuwa 60, amma suka bar ƙungiyoyi suna yawo gari-gari, ana gwada su bayan kowane kwana biyu. Ba a yi mako guda da farawa ba cutar ta ɓarke a ƙungiyar Miami Marlins, har 'yan wasa 18 suka kamu. Bayanin wannan yana cikin abin da muka faɗa a baya. A kwanakin farko bayan kamuwa, ƙwayoyin ba su yi yawan da gwaji zai gano su ba, don haka mutum na iya samun sakamako mai kyau yau, gobe ya fara harbin abokan zamansa. Aikin gwaji shi ne gano cuta bayan ta shigo, hana ta shigowa kuwa sai da killacewa.

Wannan nasara ta zo da ƙorafi. A lokacin da 'yan wasa ke samun sakamakon gwajinsu cikin kwana guda, talakawan Florida da yawa sukan jira mako ko fiye, alhali sakamakon da ya makara haka ba ya da amfani wajen tare yaɗuwa.

Batun Buɗe Makarantu

Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a watan Afrilun 2020 rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe fiye da 190. An yi saurin rufewa ne bisa abin da aka sani game da mura, wadda yara ke kan gaba wajen yaɗa ta. Daga baya bincike ya nuna cewa korona ta bambanta, domin ba ta cika yi wa ƙananan yara tsanani ba, tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini ta fi kashewa.

To me ya hana a yi wa makaranta abin da aka yi wa 'yan ƙwallon kwando? Amsar ita ce, makaranta ba ta killatuwa. Ɗalibi yana kwana a gida, ya shiga motar haya, ya zauna sa'o'i da dama a aji, sa'an nan ya koma gidan da watakila kakarsa ke ciki. Aji mai yara 50 ya haɗa gidaje 50 ke nan a kowace safiya, ga kuma malamai waɗanda wasunsu sun manyanta. Babu kuma ƙasar da ke da kuɗin gwada miliyoyin yara kullum.

Danmak ta buɗe makarantun ƙananan yara tun 15 ga Afrilu, 2020, bayan ta rarraba su ƙananan rukunoni, ta mayar da darussa da yawa waje, kuma ba a ga cutar ta ƙaru ba. A Isra'ila kuwa, wata makarantar sakandare a birnin Ƙudus ta buɗe a watan Mayu da azuzuwa cike maƙil. Aka yi tsananin zafi, aka ɗage dokar takunkumi na 'yan kwanaki, aka dogara da na'urar sanyaya ɗaki, sai ɗalibai fiye da 150 da malamai da ma'aikata 25 suka kamu. Ƙwayar cutar iri ɗaya ce a ƙasashen biyu, abin da ya bambanta shi ne cunkoso da iskar ɗaki.

Rufewar ma tana da nata illar. Hukumar Abinci ta Duniya ta ce yara kimanin miliyan 370 sun rasa abincin da suke samu a makaranta. Karatu ta intanet ya amfani masu kwamfuta da wutar lantarki ne kawai. Yuganda ba ta buɗe makarantunta gaba ɗaya ba sai a Janairun 2022, bayan kusan shekara biyu, kuma yara da yawa ba su koma ba, wasu sun kama sana'a, wasu 'yan mata sun yi ciki ko an aurar da su. A Nijeriya an rufe makarantu a watan Maris 2020, jarrabawar WAEC ba a fara ta ba sai 17 ga Agusta, wasu jihohi kuma suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin.

Lafiyar Al'umma

Burin jami'an lafiya shi ne kada marasa lafiya su zo asibiti a lokaci guda fiye da gadaje da iskar numfashin da ake da su. Idan asibiti ya cika, mai naƙuda da wanda ya yi haɗarin mota su ma sun shiga haɗari. An ga irin wannan ɓarna ta bayan fage a 2020, lokacin da yara miliyan 23 suka rasa alluran rigakafin da aka saba yi musu, mutuwa daga zazzaɓin cizon sauro kuma ta ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarun 2020 da 2021 an yi asarar rayuka kusan miliyan 15 fiye da yadda aka saba, idan aka haɗa waɗanda cutar ta kashe da waɗanda rushewar harkar lafiya ta kashe.

Allurar rigakafi ce ta sauya al'amarin. An fara yi wa jama'a ita a Ingila ranar 8 ga Disamba, 2020, kashin farko kuma ya iso Nijeriya a watan Maris 2021. Duk da cewa ba ta hana kamuwa ɗungurungum, ta rage tsananin ciwo da mutuwa ƙwarai, wanda hakan ya ba da damar mayar da 'yan kallo filaye da ɗalibai azuzuwa. Ranar 5 ga Mayu, 2023, aka janye dokar ta-ɓacin lafiya ta duniya a kan cutar.

Kammalawa

Wasanni sun riga makarantu dawowa ne domin 'yan wasa kaɗan ne, ana iya killace su, kuma akwai maƙudan kuɗin talabijin da suka biya kuɗin gwaji. Makarantu ba su da ko ɗaya daga cikin ukun nan, ga shi kuma asarar da aka yi a cikinsu ta fi daɗewa, domin kofin da aka ɗage ana iya buga shi baɗi, amma yaron da ya bar aji yana da shekara 13 da wuya ya dawo. Ra'ayin masana da yawa a yau shi ne makaranta ta zama ta ƙarshe da za a rufe, ta farko kuma da za a buɗe.

Cika wannan buri yana buƙatar aiki tun kafin wata annobar ta zo, domin Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mu da ke koyarwa a zaurukan da ɗaruruwan ɗalibai ke zama kafaɗa da kafaɗa mun san inda gyaran yake: a rage cunkoson azuzuwa, a gina su da tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa, a samar da ruwa da sabulu, a kuma riƙa rubuta adadin ɗaliban da rashin lafiya ya hana zuwa, domin a nan ne ake fara ganin alamar ɓarkewar cuta. Waɗannan matakai za su taimaka har wajen yaƙi da ƙyanda da sanƙarau da tarin fuka, waɗanda su ma ta numfashi suke yaɗuwa, kuma har yanzu suna tare da mu.