Ina Makomar Wasan Kurket?

Duk ɗan Arewan da ke wucewa ta Dandalin Tafawa Ɓalewa a Ikko, ba mamaki ya taɓa ganin samari cikin fararen kaya suna dukan ƙwallo da faffaɗan katako. Wannan shi ne kurket, kuma ba baƙo ba ne a Arewa. An buga shi a Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta zama Barewa ta Zariya. Marigayi Sardauna ma ya buga shi.

To, amma yawancin yara ba su san shi ba, domin an tsare shi a makarantun da ba a shiga sai an ci jarrabawa. Masu kare wannan tsari na cewa can ne ake da fili da kayan wasa. Ƙwallon ƙafa kuwa, tsumma da ƙofar gida sun wadatar.

A 2025 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya. Saura a kai wasan makarantun firamare, gari da ƙauye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.