Doki Daga Hannu Zuwa Hannu

Tun zamanin kaka da kakanni ƙasar Adar ƙasar dawaki ce. Da mahaya dawaki Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabi wajen shekara ta 1674, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Adar a Illela har yau. Cinikin dawaki shi ma tsohon abu ne a wannan yanki. Fatake sukan saye su daga Azbin da Adar su kai Katsina da Kano da Sakkwato, daga can wasu su wuce Nupe da ƙasar Yarabawa, inda tsando ke kashe su cikin ɗan lokaci, sai a komo arewa a sayi wasu.

Yau yaƙi bisa doki ya wuce, amma ciniki yana nan. A gundumomin Illela da Ƙonni da Malbaza, abu ne mai wuya a ga dokin da aka haifa a gida ɗaya ya tsufa a wannan gida. Doki kuwa bisa ce mai tsawon rai, in ya samu kulawa yakan kai shekara 25 har 30. Cikin waɗannan shekaru yana iya wucewa ta hannun mutane da yawa, kuma duk lokacin da ragama ta fita daga wani hannu ta shiga wani, akwai abin da ke ɓacewa a tsakani, wato sanin dokin: abin da ya saba ci, ciwon da ya taɓa yi, abin da ke firgita shi, da shekarunsa na gaskiya. Wannan ɓacewa ita ce tushen yawancin wahalar da dawakinmu ke sha.

Dalilin yawan saye da sayarwa

Dalili na farko shi ne cimaka. Jaki yana iya rayuwa da abin da ya tsinta a bayan gari, amma doki yana neman hatsi da dusa da harawa, wato yana cin abin da iyali ke ci. Saboda haka manomi yakan sayi doki da kaka, lokacin da rumbu ke cike kuma kuɗin albasa ko na wake suka shigo, sa'an nan ya fitar da shi kasuwa da bazara, lokacin da tiyar hatsi ta yi tsada. A shekarun fari, kamar 1973 da 1974 da 1984, gidaje da yawa sun rabu da dawakinsu bisa tilas, kuma babur ya zo daga baya ya karɓe aikin tafiye-tafiye da doki ke yi.

Dalili na biyu shi ne iyaka. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Amarawa, wadda ke cikin jahar Sakkwato ta Nijeriya, tafiyar ƴan kilomitoci ce kawai, kuma can akwai babbar kasuwar bisashe. Biranen Hausa na kudu suna bukatar dawaki domin hawan salla da sukuwa da wasan folo. In salla ta gabato kuɗin doki yakan tashi, in ta wuce yakan faɗi. Wanda ya sayi doki don ya ci riba bayan wata biyu ba ya damuwa da abin da zai same shi bayan shekara biyu.

Ta haka doki ke gangarowa mataki bayan mataki. Daga wurin makiyayin da ya haife shi ya je hannun ɗan kasuwa a Badagishiri ko Gidan Idar ko Ƙonni. In yana da gudu ya faɗa hannun mai sukuwa. In gudun ya ragu a sayar wa mai ba da haya don bukukuwa. In ƙarfi ya fara ƙarewa ya koma jan amalanke. A kowane mataki kuɗinsa na raguwa, aikinsa na ƙaruwa, kuma mai shi na ƙarshe, wanda ya fi kowa talauci, shi ke gadon duk ciwon da na farko suka bari.

Ciki da baya da baki

Abu na farko da ke cutuwa shi ne ciki. Tumbin doki ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, bai wuce lita 15 ba, kuma doki ba ya iya amai. An halicce shi don ya riƙa cin ciyawa kaɗan-kaɗan dare da rana. A cikin hanjinsa akwai ƙananan halittu da ke narkar da abinci, kuma sukan saba da irin abincin da aka daɗe ana ba shi. In dokin da ya tashi da ciyawar daji ya shiga gidan da aka cika masa ƙwarya da hatsi rana ɗaya, don murna ko don a ga ya yi ƙiba kafin salla, sai ciki ya murɗe, ya kama birgima yana duban kwiɓinsa, wani lokaci kafin gari ya waye ya mutu. In ya tsira, yawan hatsin yana iya sauka a kofato, ya bar shi da ɗingishin da ba ya warkewa. Likitocin bisashe sun ce sauyin abinci ya kamata a yi shi sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. To, yaya sabon mai doki zai yi haka in ba wanda ya gaya masa abin da dokin ke ci a da?

Na biyu shi ne baya. Kowane doki da irin ginin bayansa, amma a kasuwa doki kawai ake sayarwa, sirdi da zubka suna komawa gida tare da tsohon mai shi. Sabon sirdin da bai zauna daidai ba yakan goge fata a bisa doro, majayi kuma ya ci ƙarƙashin ƙirji. Farin gashin da ake gani tabo-tabo a bayan doki mai duhun launi shaidar tsohon miki ce. Mai lura yana iya karanta tarihin doki a bayansa kamar yadda ake karanta takarda.

Na uku shi ne baki. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai. A hannun mahayin da ya san dokinsa taɓawa kaɗan ta isa. A hannun baƙo mai tsoro, wanda ke fizga don kada doki ya gudu da shi, linzamin yakan yanka harshe da dasashi. Dokin da bakinsa ke ciwo ba ya cin abinci sosai, sai ya rame, sai a ce ba shi da albarka, a sake kai shi kasuwa.

Doki yana riƙe mutum a zuciya

Dattawan da suka yi aiki a bargar sarakuna sun daɗe da sanin cewa doki yana gane muryar mai shi da tafiyarsa. Binciken zamani ya tabbatar da maganarsu. A shekara ta 2020 masu bincike a Faransa sun nuna cewa dawaki suna gane hoton fuskar mai kula da su ko da sun yi wata 6 ba su gan shi ba. A shekara ta 2022 kuma, malaman jami'o'in Turku da Helsinki na ƙasar Finlanda, tare da abokan aikinsu na Faransa, sun gwada dawaki 76. Sun sa ana jan kowane doki ya taka shimfiɗar da bai taɓa gani ba, sa'an nan a kawo masa wani baƙon abu kusa. Dawakin da suka daɗe a hannun mutum ɗaya sun fi natsuwa da yarda. Waɗanda aka sayar sau da yawa, da waɗanda hannuwa da yawa ke juya su, da waɗanda ba su daɗe da mai su ba, sun fi tirjewa.

Wannan ya bayyana abin da ake gani kullum a garuruwanmu. Mutum na farko ya hore doki da murya, na biyu da ƙaimi, na uku da bulala. Abin da aka yaba masa jiya shi ake dukansa a kai yau. Daga nan sai ya fara cizo da harbi da tutsu, a sa masa suna mugun doki, alhali ruɗewa ce da tsoro. Kuma sunan mugunta yana rage kuɗinsa, ya tura shi hannun wanda ba shi da halin riƙe shi.

Cuta tana bin hanyar kasuwa

Masu jakuna da dawaki ba su manta da ƙarshen shekara ta 2018 da farkon 2019 ba. A lokacin ne murar dawaki ta ɓarke a jahar Sakkwato da Nijar da sauran ƙasashen yankin, daga Senegal har Cadi da Kamaru. Ƙididdigar da masana suka bayar ta nuna jakuna da dawaki fiye da 66.000 sun mutu cikin ƙasashe 9, mafi yawansu jakuna, kuma sun danganta saurin yaɗuwar cutar da kai da kawon bisashe ba tare da bincike ba. Wannan mura tana bayyana kwana 1 zuwa 3 bayan kamuwa, wato dokin da aka saya da lafiya ranar kasuwa yana iya fara tari bayan ya riga ya sha ruwa tare da duk dawakin unguwa. Akwai kuma ciwon da ke kumbura maƙogwaro ya fashe da mugunya, wanda doki ke iya warkewa daga gare shi a ido, amma ya ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar watanni yana raba wa wasu.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi. Sabon doki a kafa masa turkensa nesa da sauran har mako 2 ko 3, da bokitinsa na ruwa shi kaɗai, kuma mai ba shi abinci ya wanke hannu kafin ya taɓa wani. In an ga majina ko tari ko ƙin cin abinci, a sanar da ma'aikatan kiwo tun da wuri. Rigakafi ya fi magani.

Haƙƙin mai saye da haƙƙin bisa

Shekarun doki suna cikin bakinsa. Haƙoran gaba na tsakiya suna sakewa yana da shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, a shekara 5 baki ya cika. Bayan haka sai ƙwararre ke iya kimantawa, kuma a nan ne ake mai da tsoho yaro. Ɗan doki mai shekara 2 kuma akan sayar da shi a matsayin wanda ya isa hawa, a ɗora masa babban mutum ƙashinsa bai ƙosa ba, ya lalace tun kafin ya yi amfani.

Dillali shi ne mutumin da ya fi kowa sanin inda doki ya fito, don haka nauyi mai yawa yana wuyansa. La'adar da yake karɓa ladan shaida ce da amana. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani, kuma mai saye yana da ikon mayar da bisar in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa. Sun kuma ce ciyar da bisa wajibi ne a kan mai ita, har alƙali yana iya tilasta masa ya ciyar ko ya sayar. A shekara ta 2016 ƙungiyar duniya mai kula da lafiyar bisashe, wadda Nijar ke cikinta, ta amince da ƙa'idodi a kan dawaki da jakuna da alfadarai masu aiki, game da ci da sha da inuwa da hutu da kayan ɗauri. Abin da ke cikinsu bai saɓa wa abin da addini da al'ada suka riga suka koya mana ba.

Takarda ta bi doki

A ƙasashen Tarayyar Turai, tun shekara ta 2009 dokin da aka haifa sai an sa masa ƴar alama ta lantarki a ƙarƙashin fatar wuya, tare da littafin shaida da ke bin sa duk inda ya je. A Faransa wanda ya sayi doki yana da kwana 30 ya sanar da hukuma. Mu ba sai mun jira irin waɗannan na'urori ba. Ƴar takarda ɗaya ta isa, wadda duk mai iya rubutu, da boko ko da ajami, zai iya cikawa a gaban dillali da shaidu: launin doki, ko kili ne ko akawal ko bikili ko danda, alamomin goshi da ƙafafu, garin da aka haife shi da shekarar, abin da yake ci da yawansa, ciwon da ya taɓa yi da allurar da aka yi masa, aikin da ya saba, da sunayen waɗanda suka riƙe shi. Irin wannan takarda tana kare mai saye daga zamba, tana kare mai sayarwa daga zargi, tana kuma toshe hanyar ɓarayin bisashe. Magabatan gundumomi da sarakunan gargajiya da shugabannin kasuwa da ma'aikatan kiwo, in suka haɗa kai, suna iya mai da ita al'ada a kasuwanninmu.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowa zai iya yi tun kasuwa mai zuwa. Mai sayarwa ya haɗa wa dokin abincin kwana 3 ko 4 irin wanda ya saba, ya faɗi halinsa da gaskiya. Mai saye ya duba baki da baya da kofato kafin ya biya, ya ba shi ruwa isasshe, don da zafin bazara doki yana shan lita 30 ko fiye a yini, ya bar shi ya huta, kada ya ɗora sirdi bisa miki, kuma mutum ɗaya ya riƙa kula da shi har ya saba da gidan. Wanda kuwa ke shirin sayen doki da kaka, ya fara duban rumbunsa ya ƙidaya watannin da ke gaba har ruwa ya sauka. In hatsin ba zai ishi iyali da doki ba, gara a bar dokin wurin wanda zai iya riƙe shi.