Kada garin neman gira a rasa ido: gyaran adaftar da aka goge a kwamfuta

Daga Bachirawa zuwa Rijiyar Zaki da Panisau, shagunan buga takardu da duba sakamakon WAEC da NECO sun yawaita, kuma intanet ne jarinsu. Kwanakin baya na je wani shago a Ungogo na tarar da yaron shagon ya yi zugum. Wai ya shiga Device Manager zai yi wa kwamfuta shara, ya ga wani suna da bai sani ba a ƙarƙashin Network adapters, ya ɗauka ƙwayar cuta ce, ya goge. Tun daga nan kwamfutar ta daina raba intanet ga sauran na'urorin shagon.

Abin da ya goge shi ne Microsoft Wi-Fi Direct Virtual Adapter. Ba ƙarfe ba ne da za ka buɗe kwamfuta ka taɓa. Windows ce ke ƙirƙirarsa a kan katin Wi-Fi na gaske, kuma da shi Mobile hotspot ke aiki. Yana da 'yan'uwa: OpenVPN na girka TAP-Windows Adapter V9, VirtualBox ma na da tasa. Rashin sanin suna ba shi ne shaidar cuta ba.

In haka ta faru da kai, kada ka yarda a ce sai an yi wa kwamfutar fomat, takardun kwastomomi su salwanta. Fara kashe ta ka kunna, domin sau da yawa Windows kan mayar da adaftar da kanta. In ba ta dawo ba, koma Device Manager, danna View ka zaɓi Show hidden devices, wataƙila tana nan a ɓoye, kunnawa kawai take jira. Sai ka danna Action, ka zaɓi Scan for hardware changes.

In duk an yi haka shiru, akwai Network reset a sashen intanet na Settings. Yana cire adaftocin ya sake girka su, kwamfutar kuma ta sake tashi bayan minti 5. Amma ka rubuta kalmar sirrin Wi-Fi ɗinka tukuna, don za ta manta da ita. Adaftar VPN ko ta VirtualBox kuwa, sake girka manhajar ne ke dawo da ita.

Inda ake shan wuya shi ne wanda ya goge katin Wi-Fi na gaske, ya kuma sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a share direban gaba ɗaya. Wannan sai ya jona waya da kebul ya kunna USB tethering, ya sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo. A guji manhajojin da ke tallar gyara direbobi a danna ɗaya, wasunsu cuta suke shigo da ita.

Yaron nan dai Scan for hardware changes ya fisshe shi, ba a kai ga biyan adaidaita sahu zuwa wajen masu gyara a Farm Centre ba. Kafin ka danna Uninstall a kan sunan da ba ka sani ba, rubuta shi a takarda ka nuna wa mai gyara. Matambayi ba ya ɓata.