Zubar Jini Bayan Haihuwa: Abin da Mai Ciki da Iyalinta Ya Kamata Su Sani

A gidaje da yawa, da zarar an ji kukan jariri sai hankalin kowa ya koma kansa. Ana guɗa, ana buga waya ana sanar da dangi, ita kuwa mai jego an lulluɓe ta da zani an ce ta huta. A wajenmu ma'aikatan lafiya, wannan ne lokacin da ya kamata a fi sa mata ido. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma tana iya hallaka mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu idan ba a kawo mata ɗauki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 260,000 ne suka rasu a shekarar 2023 sanadin ciki da haihuwa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi a Nijeriya ne. Abin takaicin shi ne zubar jini tana da magani, maganin ma ba mai tsada ba ne. Abin da ke kashe mata shi ne rashin gane matsalar da wuri.

Yadda jiki ke tsayar da jinin da kansa

Idan ciki ya kai wata tara, jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti yana kai wa rabin lita ko fiye, domin ta nan jariri ke samun abinci da iska. Bayan haihuwa mabiyiya takan ɓalle daga jikin mahaifa, ta bar fili mai faɗin tafin hannu cike da jijiyoyin jini a buɗe. Babu mai ɗinke su. Mahaifar ce da kanta ke tsukewa ta yi tauri, naman jikinta ya matse jijiyoyin har jinin ya tsaya. Shi ya sa idan aka taɓa marar mace bayan haihuwa ake jin wani abu mai tauri kamar ƙwallo a ƙasan cibiya. Ciwon mara da mai jego ke ji, musamman lokacin da take ba da nono, alamar wannan aikin ne.

A mafi yawan matan da ke zubar da jini, wannan tsukewar ce ba ta samu ba. Mahaifar ta gaji ta saki, ta yi laushi. Hakan ya fi faruwa bayan doguwar naƙuda, ko haihuwar tagwaye, ko jariri mai girma sosai, ko ga macen da ta haihu sau biyar ko fiye, ko mai ƙari a mahaifa. Akwai kuma wasu dalilan: yagewar bakin mahaifa ko ta gaba, maƙalewar mabiyiya ko wani ɓangarenta a ciki, da kuma yanayin da jini ke kasa daskarewa, kamar yadda yake faruwa ga wasu masu hawan jinin ciki ko waɗanda mabiyiyarsu ta ɓalle tun kafin haihuwa.

Sai dai a lura, mata da yawa da suka zubar da jini ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa. Wadda ta haihu shida a gida lafiya ƙalau, ta bakwai na iya zuwa mata da wani salo. Babu hoton ciki ko gwajin da zai tabbatar wa mace cewa ita ba za ta zubar da jini ba.

Wane jini ne ya yi yawa?

Kowace mai haihuwa tana zubar da jini. A likitance, idan ya kai rabin lita cikin awa 24 bayan haihuwa, ya wuce ƙa'ida. Rabin lita ba wani abu mai yawa ba ne a ido, cikin leda ɗaya ce ta ruwan fiya wata. Jinin haihuwa kuwa ba a kwano yake taruwa ba. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya gauraya da ruwan faya, wani ya daskare a cikin mahaifa bai fito ba. Ko ƙwararrun ungozomomi da likitoci, bincike ya nuna idan suka ƙiyasta da ido sukan rage adadin.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗin mutane. Lokacin goyon ciki jinin mace yakan ƙaru da kusan rabi, saboda haka jikinta na iya jure asarar jini na ɗan lokaci ba tare da ya nuna ba. Tana magana, tana amsa barka, awon jininta ma yana iya fitowa daidai. Lokacin da za ta fara ganin jiri, ta riga ta yi asara mai yawa.

Don haka kada a jira ta suma. Idan audugar mata ko ƙunzugu na jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, ko jini na malala bai tsaya ba, ko gudaji manya kamar ƙwan kaza suna fitowa a jere, a ɗauka matsala ta faru. Haka nan idan ta ce zuciyarta na bugawa da sauri, ko tana ganin duhu-duhu, ko ƙishirwa ta dame ta, ko jikinta ya yi sanyi tana gumi, ko leɓenta da tafin hannunta sun yi fari. Idan mabiyiya ta wuce minti 30 ba ta fito ba, wannan ma dalilin tafiya asibiti ne ko da jinin bai yi yawa ba.

Muna yawan jin ana cewa a bar jinin ya fita, dattin ciki ne, idan ya zauna zai zame mata ciwo. Wannan magana ta ci rayuka. Jinin biƙi na gaskiya kaɗan-kaɗan yake zuwa, yana raguwa kullum, launinsa na sauyawa daga ja zuwa ruwan ƙasa har ya koma fari-fari cikin makonni. Jan jini mai malala, jinin jikinta ne take asara.

Abin da ake yi a asibiti

Rigakafi ya fi komai sauƙi. Cikin minti ɗaya da fitowar jariri akan yi wa uwa allurar oxytocin, wadda ke sa mahaifa tsukewa, sannan ma'aikaciya ta taimaka mabiyiya ta fito ta duba ko cikakkiya ce. Ana yi wa kowace mace wannan allura, ba sai mai matsala ba. Tana da rauni guda: zafi na rage mata ƙarfi, dole a ajiye ta a firji, kuma kowa ya san halin wutar lantarki a ƙananan asibitocinmu. Saboda haka ake amfani da ƙwayar misoprostol a inda babu firji, an kuma samar da wata allura mai jure zafi mai suna carbetocin.

A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Waɗannan magunguna na bayan fitowar jariri ne. Shan misoprostol ko yin "allurar naƙuda" a gida ko a kemis don a gaggauta haihuwa yana iya fasa mahaifa, a rasa uwa da ɗa. Haka ma jiƙe-jiƙen da ake ba mai naƙuda don ciwo ya kankama. Ko a asibiti, ba a ba da maganin hana zubar jini sai an tabbatar babu jariri na biyu a ciki.

Idan jinin ya ɓalle duk da rigakafin, yanzu akwai hanyar da aka gwada aka ga amfaninta, kuma da likitocinmu aka yi gwajin. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Abin da aka yi ba shi da wuyar fahimta. Ana shimfiɗa wa mace wata leda mai aljihu da ma'auni a ƙarƙashinta, jinin na taruwa a ciki kowa na ganin adadinsa. Da ya kai layin haɗari, maimakon a gwada magani ɗaya a jira a ga ko zai yi, sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke ta, allurar tranexamic acid mai taimaka wa jini daskarewa, ƙarin ruwa, da duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. A asibitocin da suka bi wannan tsari, zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. An gano matsalar a fiye da mata 9 cikin 10 da suka same ta, alhali a sauran asibitocin kusan rabi kawai aka gano.

Ita tranexamic acid tana da lokaci. Wani bincike na 2017 kan mata 20,000 ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da ita cikin awa uku da haihuwa. Bayan awa uku amfaninta ya wuce. Wadda aka tsaya da ita a gida daga asuba har azahar ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa, an hana ta wannan damar.

Idan duk wannan bai tsayar da jinin ba, sai ƙarin jini da tiyata. Wani lokaci ba makawa sai an cire mahaifar don a ceci rai. Hukunci ne mai ɗaci, babu likitan da ke son yanke shi, kuma mafi yawan lokuta ga matan da suka iso a makare ake kaiwa nan.

Idan abin ya faru a gida

A fara neman mota tun kafin komai. Kafin ta iso, a sa hannu a marar mai jego a ƙasan cibiya a murza da ƙarfi har a ji mahaifar ta yi tauri, a ci gaba da dubawa, da ta saki a sake murzawa. Akwai zafi, amma a daure. A taimaka mata ta yi fitsari, domin mafitsara idan ta cika tana hana mahaifa tsukewa. A ɗora mata jariri ya kama nono, tsotson yana sa jikinta fitar da sinadarin da ke tsuke mahaifa. A kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, a lulluɓe ta. Kada a ja cibiya da ƙarfi don fito da mabiyiya, kada a tura mata muciya ko wani abu a baki don ta yi kakari, kada kuma a ɗura wa wadda hankalinta ya fara gushewa ruwa ko kunu. Addu'a kuwa a cikin mota ma ana yin ta. A tafi da zannuwan da suka jiƙe da mabiyiyar idan ta fito, za su taimaka wa ma'aikata su san yawan jinin da ta zubar.

Shirin da ake yi tun ciki na ƙarami

Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan abin da wata za ta jure ita zai iya kayar da ita. Wannan ne babban amfanin awon ciki a wannan fanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa. A nan za a auna jininki, a ba ki maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma ke cinye jini. Ki sha maganin kullum ko da yana sa bahayarki ta yi baƙi, wannan ba illa ba ce. Idan yana tayar miki da zuciya ki faɗa, kada ki jefar da shi a bayan gado. Ki riƙa cin zogale da alayyafo da wake da kifi da nama gwargwadon hali, ki kuma raba shan shayi da lokacin shan maganin. Idan kin taɓa zubar da jini a wata haihuwa, ko an taɓa yi miki tiyata, ki gaya wa ma'aikata tun zuwan farko.

Maigida, naka aikin ya fi kuɗin magani. Ka san rukunin jinin matarka, ka tanadi mutum biyu ko uku cikin dangi da abokai da za su iya ba da jini. Namiji lafiyayye ba ya nakasa don ya ba da leda ɗaya, jikinsa zai mayar cikin makonni. Ka riƙe lambar direban da zai ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare ne. A wasu jihohin Arewa akwai tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke kai masu naƙuda asibiti, ka tambaya a tashar garinku. Kuma ka faɗa a gaban mahaifiyarka da mutanen gida cewa idan abu ya taso ba ka nan, a kai ta asibiti ba sai an jira izininka ba. Idan za ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, a yi wannan maganar da su ma, a san asibitin da ya fi kusa da su mai yin ƙarin jini.

Bayan haihuwa a asibiti, kada a matsa a sallame ta don 'yan barka na jira a gida. Ana son ta zauna aƙalla awa 24, kuma a awanni biyun farko a riƙa duba mararta da jininta akai-akai. Wadda ke jinyarta tana da damar ɗaga zani ta duba, ta kira ma'aikaciya idan ta ga abin da bai kwanta mata ba.

Komawa gida ma ba ƙarshen lura ba ne. Jini na iya dawowa da ƙarfi bayan kwanaki ko makonni, galibi saboda ragowar mabiyiya ko ƙwayoyin cuta a mahaifa. Idan jinin biƙi ya koma ja ya ƙaru bayan ya fara raguwa, ko yana wari, ko akwai zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani, a koma asibiti a ranar, ko da ranar suna ce.