Mantara: Ibadar Maimaita Lafazi a Addinin Hindu

Mantara, a wurin mabiya addinin Hindu, kalma ce ko jimla ko baitin waƙa, galibi da harshen Sanskirit, wadda mai ibada yake maimaitawa domin kusantar abin bautarsa da kuma tattara hankalinsa wuri guda. Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa ya sha ganin malamin ibada zaune gaban wuta yana rera wasu kalmomi yayin ɗaurin aure ko jana'iza, sai dai fim ba ya tsayawa ya bayyana abin da ake karantawa, balle dalilin karanta shi. Al'amarin kuwa ya shafi jama'a masu ɗimbin yawa, domin ƙidayar shekarar 2011 ta nuna cewa Hindu su ne kashi 79.8 cikin ɗari na mutanen Indiya, wato kimanin mutum miliyan 966.

Tushen mantara yana cikin littattafan Veda guda huɗu, waɗanda mafi daɗewarsu shi ne Rigveda, mai ɗauke da waƙoƙin yabo 1,028 da masana tarihi suke ganin an tsara su tsakanin shekara ta 1500 da ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An shafe ɗaruruwan shekaru ana miƙa waɗannan waƙoƙi daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi ba tare da rubutu ba, kuma hanyar da aka bi wajen tsare su abar mamaki ce. Ɗalibi yakan fara haddace baiti yadda yake, sannan ya karanta shi kalma-kalma, sannan ya haɗa kalma ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, har ƙarshe, daga nan ya koyi karanta kowane tagwayen kalmomi gaba da baya, ta yadda ko harafi ɗaya ya kuskure zai fito fili. Kowace gaɓa tana da karin sautinta, sama ko ƙasa ko mai faɗuwa, kuma a wasu makarantun jihar Kerala malami yakan dafa kan yaro yana ɗaga shi yana sunkuyar da shi daidai da hawa da saukar murya. Bahaushe, wanda harshensa ke bambanta ma'ana da karin sauti, ba zai sha wahalar gane dalilin wannan tsanani ba. A shekarar 2003 hukumar UNESCO ta sanya wannan salon karatu cikin fitattun abubuwan gadon ɗan Adam da ake adanawa da baki.

A fahimtar malaman zamanin Veda, ƙarfin mantara yana cikin lafazinta ne, don haka kuskuren furuci yana iya juyar da addu'a ta koma kan mai yin ta. Daga cikin dubban baitocin Veda, wanda ya fi shahara shi ne Gayatri, baiti na 10 a waƙa ta 62 ta kashi na 3 na Rigveda, wanda ake dangantawa da wani mai hikima da ake kira Vishvamitra. Tsarinsa layi uku ne masu gaɓa takwas-takwas, kuma roƙo ne ga Savitr, abin bautar da suke alaƙantawa da rana, cewa ya haskaka tunanin masu roƙo. Ana karanta shi da hudowar rana da tsakar rana da faɗuwarta, kuma a al'adance yaro yana fara jin sa ne a bikin da ake rataya masa zaren ibada a kafaɗa, inda mahaifinsa ko malaminsa yake raɗa masa shi a kunne. Tsawon zamani an keɓe wannan baiti ga mazan manyan azuzuwa uku na al'umma, aka haramta shi ga mata da na ƙasa, har sai da ƙungiyoyin gyara irin su Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, suka dage cewa kowa yana da haƙƙin karanta shi.

Maimaita mantara da ƙidaya shi ake kira japa, kuma ana yin sa a bayyane, ko da raɗa, ko a zuci, inda littafin dokoki na Manu ya fifita na raɗa a kan na bayyane, ya kuma fifita na zuci a kan duka biyun. Kayan aikinsa carbi ne mai ƙwaya 108 da wata babba guda ɗaya wadda ba a tsallake ta, sai dai idan mai ja ya iso gare ta ya juya carbin ya koma ta inda ya fito. Ana riƙe shi da hannun dama, ana jan ƙwaya da babban yatsa a kan yatsan tsakiya, manuniya kuwa ba ta taɓa shi, shi ya sa jakar ƙyallen da wasu ke ɓoye carbin a ciki take da ƙaramar kafa da manuniyar ke leƙowa waje. Masu bautar Shiva sun fi son carbin ƙwallon itacen rudraksha, mantararsu kuma gajeruwa ce mai gaɓa biyar da aka ciro daga Yajurveda, masu bautar Vishnu da Krishna kuwa na itacen tulsi suke riƙewa.

Babban sauyi ya zo ne da tafarkin bhakti, wato bauta ta hanyar ƙauna da miƙa wuya, wanda ya faro daga kudancin Indiya ya bazu zuwa arewa. Malamansa sun koyar da cewa sunan abin bauta ya wadatar, ba sai da wutar hadaya ko ƙwarewa a Sanskirit ko asali mai daraja ba. Chaitanya, wanda aka haifa a Nabadwip ta yankin Bengal a 1486, ya fitar da ambaton Krishna daga ɗaki zuwa titi, inda jama'a ke tafe suna rerawa da ganga da ƙananan kuge, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Wannan tafarki ne Bhaktivedanta Swami Prabhupada ya kai birnin New York na Amurka, ya kafa ƙungiyar ISKCON a 1966, wadda aka fi sani da Hare Krishna, kuma duk wanda ya yi mubaya'a a cikinta yana ɗaukar alkawarin zagaye carbi sau 16 a kullum, wato maimaita mantara mai kalma 16 har sau 1,728, aikin da kan ci kusan awa biyu.

Amfanin da mabiya suke fata ya bambanta gwargwadon mazhabarsu. Wasu suna neman biyan buƙatar duniya, kamar lafiya da kariya da buɗin kasuwa, shi ya sa ake kiran abin bautarsu Ganesha kafin a fara sabon aiki. Wasu suna ganin maimaitawar tana wanke zuciya daga tabon ayyukan baya, abin da suke kira karma, har mutum ya kai ga moksha, wato kuɓuta daga zagayen mutuwa da sake haihuwa da suka yi imani da shi. Ɗan bhakti na gaske kuwa yakan ce ba ya neman komai sai ƙaunar da ambaton ke haifarwa. Su kansu malaman Hindu sun daɗe suna muhawara a kan ko sauti kaɗai ya isa, domin tsohon littafin Nirukta na Yaska ya kawo ra'ayin wani malami mai suna Kautsa da ya ce baitocin Veda ba su da ma'ana, Yaska ya yi masa raddi, shi kuma Patanjali a littafinsa na Yoga Sutra ya haɗa maimaita sautin Om da yin tunani a kan ma'anarsa. Matsayin Patanjali ya fi kusa da hankali, domin harshe na iya motsi alhali zuciya tana kasuwa.

Ta fuskar likitanci, wani bincike da Luciano Bernardi da abokan aikinsa suka buga a mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ a 2001 ya gano cewa karanta mantara, haka ma addu'ar carbin Katolika da harshen Latin, yana rage numfashi zuwa kusan sau shida a minti ɗaya, abin da ke daidaita bugun zuciya. Wannan sakamako ya nuna tasirin numfashi mai tsari a jikin mutum, amma bai tabbatar da aƙidar kowa ba, bai kuma rushe ta ba, kuma masu tallata mantara a intanet a matsayin maganin kowace cuta suna faɗin abin da binciken bai faɗa ba.