Me ya sa manhajojin yawon buɗe ido ba sa ganin ƙauyukan arewacin Kano?

Duk wanda ya buɗe Tripadvisor a wayarsa ya rubuta "Kano", abin da zai fara cin karo da shi bai wuce Dutsen Dala, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata ba. Da wuya ya ga masaƙan Minjibir, ko kasuwar shanu ta Ɗambatta, ko kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Dawakin Tofa, wadda ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma.

Ba don babu abin kallo ba ne. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa ɗan Birtaniya Michael Mortimore ya fara nazarin gonakin da ke kewaye da Kano, inda jama'a ke da yawa, ana noma fili ɗaya duk shekara, amma taki daga dabbobi da sharar birni na riƙe da ƙarfin ƙasar. Sai dai manhaja ba ta san wannan ba. Abin da aka shigar mata kawai take gani.

Matakin farko: wa ya yi rajista?

Kamfanoni irin su Viator, wanda Tripadvisor ya saya a 2014, da GetYourGuide mai hedikwata a Jamus, galibi ba su ke shirya yawon ba. Dillalai ne. Mai jagorantar baƙi ne zai yi rajista, ya nuna shaidar ko shi wane ne, ya ba da asusun da za a riƙa biyansa, ya ɗora hotuna, farashi, wurin haɗuwa da ranakun da yake aiki. Wasu nau'o'in yawon har inshora ake nema. Idan baƙo ya biya, kamfanin ya cire la'adarsa. Airbnb, wanda ya fara sayar da irin wannan yawo a 2016, kashi 20 cikin ɗari yake ɗauka.

A nan ake fara barin ƙauye a baya. Masaƙin da ke da gwaninta amma ba shi da rajistar kasuwanci, kuma unguwarsa ba ta fito sosai a taswirar Google ba, bai ma shiga layi ba.

Mataki na biyu: wa zai hau sama?

Bayan an karɓi yawo, kwamfuta ce ke jera shi. Tana duba yawan taurari da sharhin waɗanda suka taɓa zuwa, mutum nawa suka biya bayan sun duba shafin, ko ana tabbatar wa baƙo gurbi nan take, da sau nawa mai jagora ya soke tafiya. Viator ma na da tsarin da ake kira Accelerate, inda mai yawo ke ƙara la'ada don a ƙara nuna hajarsa.

Wannan na nufin mai sharhi ɗari zai ci gaba da samun baƙi, sabon shiga kuma ya zauna a ƙasa. Haka nan kwamfutar ta fi son abin da ke samuwa kullum. Kasuwar ƙauye kuwa sau ɗaya take ci a mako, girbin gero kuma sai kaka.

Batun tsaro

Gwamnatin Amurka ta sanya Kano cikin jihohin da take gargaɗin 'yan ƙasarta kada su je. Irin wannan gargaɗi kan sa kamfanonin inshora su janye, baƙi su ragu, manhaja kuma ta ga babu masu nema. Ko da UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya a Disamban 2024, hankalin ya fi karkata ne ga birni.

Abin da matashi zai iya yi

Ba dole sai Bature ba. Ɗalibai, 'yan kasuwa da mazauna Abuja ko Legas su ma baƙi ne, kuma Google Maps, Facebook da TikTok suke dubawa. Buɗe shafin kasuwanci a Google kyauta ne. Wurin da ba shi da sunan titi ana iya nuna shi da lambar Plus Code. Hotuna masu haske, farashi a fili, amsa saƙo da wuri, da roƙon kowane baƙo ya rubuta sharhi na gaskiya, su ne abincin da kwamfutar ke ci. Sharhin bogi kuwa kan jawo a hukunta shafi.

Kafin komai dai, a nemi izinin mai unguwa ko dagaci, a yi yarjejeniya da masu sana'ar kan rabonsu, kuma kada a ɗauki hoton kowa, musamman matan cikin gida, sai da yardarsa. In ba haka ba, masaƙi zai yi aikin, mai waya ya kwashe kuɗin.